Ranar da Na Ambaci Jos a Cardiff

Kwana uku da saukata a Landan, cikin watan Oktoban 2025, ɗan ƙanwata ya same ni a falo ina kurɓar shayi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda uwarsa ta koya masa, sannan ya ce, “Kawu, ranar Asabar zan kai ka ka ga TARDIS.” Shekararsa goma sha biyu, a can aka haife shi, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isar da saƙo. Na tambaye shi ko sunan wata unguwa ce. Uwarsa ta leƙo daga kicin ta ce, “Yaya, ka bi shi kawai. Tun yana ɗan shekara bakwai ba shi da zance sai na Doctor Who. Ni na ji har na haddace, yanzu kai ma ka karɓi rabonka.”

Zumunci ne ya kai ni ƙasar, don rabona da ƙanwar tawa shekara shida. Amma idan yaro ya ɗauko abin da ya fi so a duniya ya miƙo maka, ba a mayar masa da hannu. Na ce Allah ya kai mu Asabar.

Daga tashar East Ham muka hau jirgin ƙasa na layin District, wanda ke ratsa Landan daga gabas zuwa yamma, wani wuri a sarari, wani wuri ta ƙarƙashin ƙasa. Tafiyar ta haura minti arba'in, yaron nan kuwa bai bar minti ɗaya ya tafi a banza ba. Doctor Who shiri ne mai dogon zango na gidan talabijin na BBC, ƙagaggen labari irin wanda ake ginawa a kan kimiyya. An fara nuna shi ranar Asabar 23 ga Nuwamban 1963, kwana ɗaya bayan an harbe shugaban Amurka John Kennedy, lokacin da hankalin duniya duk yana wani wuri. Jarumin ba a san shi da wani suna ba sai Dakta. Siffarsa ta mutane ce, amma daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, zuciya biyu gare shi a ƙirji, kuma yana da jirgin da ke kai shi duk inda ya ga dama a sararin samaniya, da duk zamanin da ya ga dama, ko shekaranjiya ko shekara dubu masu zuwa. Jirgin nan shi ne TARDIS. Daga waje ɗan ɗaki ne shuɗi da bai fi rumfar mai cajin waya ba. Kana buɗe ƙofa ka shiga sai ka tarar da fili fetal, cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi kama hankalina a cikin bayaninsa shi ne dabarar da ta ba shirin tsawon rai. A 1966 rashin lafiya ya ci ƙarfin William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta. Maimakon a rufe shirin, sai masu shi suka ce ai dama mutumin ba ɗan Adam ba ne: idan ajali ya matso, jikinsa sai ya sabunta, ya tashi da wata fuska da wani hali, amma dai shi ɗin ne. Patrick Troughton ya karɓa. Tun daga nan ake ta miƙa rigar daga wannan zuwa wancan. Tom Baker ya riƙe ta shekara bakwai, daga 1974 zuwa 1981. Mace ta riƙe, Jodie Whittaker. Daga baya ta kai ga Ncuti Gatwa, wanda aka haifa a Ruwanda ya tashi a Scotland.

“Kowa yana da Daktansa, Kawu,” in ji yaron. “Wanda ka fara gani, shi ne naka. In masu son shirin suka haɗu, abin da suke fara tambayar juna ke nan: wane ne Daktanka?” Ya ce tasa ita ce matar, don da ita ya buɗe ido. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce amma daren da ya ga Gatwa, baƙin mutum kamarsa, ya tura ƙofar TARDIS ya shiga a matsayin mai jirgin, bai iya barci ba.

Muna fitowa daga tashar Earl's Court ta ƙofar babban titi, sai ga shi a gefen hanya, shuɗi, da rubutun 'yan sanda a goshinsa. Asalin irin waɗannan ɗakuna na 'yan sandan Birtaniya ne. Tun wajen 1929 aka baza ɗaruruwansu a Landan, kowanne da wayar tarho, ɗan sanda mai sintiri ya kira ofis, wanda wani abu ya sama shi ma ya kira a kawo masa ɗauki. Da rediyon oba-oba ya shigo sai aka bi su ana kwashewa. A 1963 ɗakin abu ne da kowa ya saba gani a bakin titi, shi ya sa a labarin aka ce jirgin ya rikiɗe ya koma haka don ya saje da gari, sai na'urar rikiɗar ta lalace ya tsaya a nan. Yau babu mai ganin hotonsa ya tuna da ɗan sanda. Har jayayya aka yi tsakanin 'yan sandan Landan da BBC kan wa ke da tambarin, ofishin rajista ya ba BBC gaskiya a 2002. Wannan na Earl's Court ɗin ma a shekarun 1990 aka kafa shi.

Mun yi kamar minti ashirin a wurin. Wasu matasa biyu da jakunkunan goyo suka ɗauki hoto suna tsalle. Wata tsohuwa ta riƙo jikanta ta sa ya ƙwanƙwasa ƙofar. Wanda na kasa mantawa shi ne wani ƙaton mutum cikin kwat, da jakar ofis, yana sauri. Bai tsaya ba, bai ma juyo ba, ya dai miƙa tafin hannu ya shafi jikin ɗakin ya wuce, kamar yadda mutum ke shafa kan ɗan maƙwabci in ya gan shi a ƙofar gida.

Gaskiya a ranar ban gane komai ba. Ɗaki na gani mai fentin da ya fara dusashewa, ƙofarsa a kulle. Na ɗauki yaron hoto, fuskarsa kamar an yi masa bushara, na yi murna da murnarsa, shi ke nan.

A hanyar komawa ya ce ai ainihin gidan shirin ba a Landan yake ba, a Cardiff yake, babban birnin Wales, don tun da aka farfaɗo da shi a 2005 a can ake ɗaukarsa. Hutun tsakiyar zango ya matso, uwarsa tana aikin dare a asibiti, uban yana tafiya. Bai roƙe ni ba, ya dai faɗa ya yi shiru yana kallon taga. Da daddare na sa uwarsa ta saya mana tikiti.

Ranar Talata da sassafe muka tashi daga Paddington, da burodi da dambun naman da na kawo musu tsaraba a cikin jaka. Tafiyar kusan awa biyu ce. Gonaki kore shar, tumaki masu ƙiba kamar an hura su, sai kuma jirgin ya nutse cikin wani dogon rami da aka haƙa ta ƙarƙashin kogin Severn, aka buɗe shi tun 1886, tsawonsa wajen kilomita bakwai. Muna fitowa muka tsinci kanmu a wata ƙasa. Allunan tasha duk da harshe biyu, na mutanen Wales da Ingilishi, Cardiff ma a harshensu Caerdydd ne, kuma sanarwar lasifika da harsunan biyu ake yinta. Wannan ya burge ni ƙwarai. Masu jin harshen nan ba su kai mutanen birnin Kano yawa ba, amma sun kafe sai an rubuta shi a kowane allo.

Daga tasha muka taka zuwa bakin ruwa ta cikin unguwar Butetown. A da nan ce tashar da ake loda gawayin kwal na kudancin Wales zuwa duniya, matuƙan jiragen ruwa daga Yaman da Somaliya suka zauna, suka hayayyafa, jikokinsu na nan har yau. Azahar ta same mu a can, muka yi salla a masallacin titin Alice, sahu ɗaya da dattawan da in ka gan su sai ka rantse daga Sana'a suka sauka jiya, suna buɗe baki ka ji lafazin Cardiff.

Bakin ruwan kansa an gyara shi tas. Akwai wani makeken fili mai siffar ƙwai, a gefensa ginin Wales Millennium Centre mai rufin ƙarfe kalar tagulla, da manyan haruffa da aka huda a fuskarsa su ne kuma tagoginsa. A ƙarshen filin doguwar hasumiyar ƙarfe ce mai ƙyalli. Yaron ya ja ni har gindinta ya nuna mini daidai inda TARDIS ya taɓa sauka, ya kuma ce a ƙarƙashin ƙafarmu ne aka ce hedikwatar sirri ta Torchwood take, wani shirin da ya tsiro daga jikin Doctor Who a 2006. Ya nuna mini can tsallake inda ɗakunan ɗaukar shiri na Roath Lock suke, da kuma inda aka taɓa yin gidan baje kolin kayan shirin, wanda aka buɗe a 2012 aka rufe a 2017, shi yana ɗan shekara huɗu. Ya faɗi wannan da takaici irin na wanda aka yi rabon gado ba ya nan.

Sai muka gangara wani lungu a ƙasan dandamalin katako na Mermaid Quay, daf da ruwa. Bango ne na katako, an rufe shi ruf da takardu, da hotuna, da furannin roba, da laktayen wuya, da 'yan tsana. Makoki ne ake yi wa wani mai suna Ianto Jones. Ianto bai taɓa rayuwa ba. Mutum ne a cikin labarin Torchwood, aka kashe shi a shirin a 2009, ba a jima ba masoya suka fara liƙa takardu a bangon da aka nuna a matsayin ƙofar wurin aikinsa. A lokacin da muka je, shekara goma sha shida ke nan ba a daina ba. Masu kula da wurin har sun kafa ɗan allo da ke bayyana wa baƙi cewa mamacin na almara ne.

Abin bai kwanta mini ba, ba zan ɓoye ba. Kalmar da suke kiran wurin da ita ita ce wadda suke kiran wurin ziyarar waliyyai, ni kuwa na taso a gidan da ko kukan mutuwar gaske in ya yi yawa ake tsawatarwa. Na tsaya daga baya, hannuna a aljihu. Yaron yana karantawa yana kirana, sai na matsa. Kusan kowace takarda an yi mata rigar leda saboda ruwan sama, an ɗaure ta da zare ko da igiyar roba, wasu da harsunan da ban iya karantawa ba. Wata ta daɗe har tawadar ta koma ruwan toka, wani ya zo ya bi haruffan da sabon biro, rubutun hannu biyu a kan kalma ɗaya. Wata kuma mai rubutun tana gaya wa Ianto ne cewa da yayanta suka riƙa kallon shirin, yanzu yayan ya rasu, ta zo ita kaɗai. Da na karanta wannan sai na fahimci da yawa daga cikin masu liƙa takardun nan nasu mamatan suke yi wa kuka, bangon dai ya ba su inda za su jingina shi. Har yau ba zan liƙa takarda a irin wannan wuri ba. Amma na daina kallonsu a matsayin marasa aikin yi.

Ruwan sama ne ya kore mu zuwa wani shagon shayi. Wurin ya cika, sai tebur ɗaya da wani dattijo ke zaune shi kaɗai, ya yi mana nuni da mu zauna. Tun kafin mu ja kujera yaron ya ƙame. A wuyan dattijon akwai saƙaƙƙen mayafi na ulu mai ratsi-ratsi, ja da ɗorawa da ruwan ƙasa da shunayya, ya naɗa shi sau biyu amma bakinsa na jan ƙasa, tsawonsa ya kusa rawani. Irin wanda Tom Baker ya riƙa yafawa ne, duk mai son shirin ya san shi daga nesa. Yaron ya yi tambayar da ya ce ana yi. Dattijon ya yi murmushi ya ce mayafin na Baker ne, amma Daktansa Troughton ne. Nan suka ɓalle da hira kamar sa'anni, ɗan shekara goma sha biyu da ɗan shekara sittin da takwas, ni ina juya cokali a kofi.

Can ya juyo ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya ce wane gari? Na saba da wannan tambaya, na kuma saba da yadda take ƙarewa. Bature in ya san Legas ya yi ƙoƙari. Wanda ya san Jos kuwa ta labarin rikici ya san ta, na 2001 ko na 2008 ko na 2010, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah sarki. Na dai ce masa Jos.

Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, “Jos? Jos ta jihar Filato?” Ya cire tabarau, ya miƙo hannu biyu ya kama nawa ya riƙe. Hannunsa da sanyi, yana ɗan rawa. Ya ce shekara goma sha biyu yana fatan ya haɗu da mutumin Jos ya yi masa godiya.

Na ce, “Baba, godiyar me?” Ya tambayi ma'anar Baba, na ce haka muke kiran duk wanda ya isa ya haife mu. Ya ce to ya karɓa. Sannan ya ba ni labarin da ya faru a garinmu, ni ɗan garin ban taɓa ji ba.

A shekarun 1960 da 1970, BBC ba ta ajiye shirye-shiryenta yadda ake yi yanzu. Tef ɗin bidiyo yana da tsada, in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai. Babu wanda ya yi tunanin za a wayi gari mutane suna sayen tsohon shiri su kalla a gida, ga shi kuma hoto mai launi ya shigo, baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi. Haka aka shafe kaso mai yawa na shekaru shida na farkon Doctor Who, waɗanda kashi 253 ne. Abin da ya yi saura shi ne kwafin da aka juya a kan fim ɗin majigi mai faɗin milimita 16 aka sayar wa ƙasashen waje. Gwangwanayen fim ɗin nan ba a wuri ɗaya suke zama ba, wannan gidan talabijin ya nuna ya tura wa na gaba, daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma'aikatan suna kiran tsarin da hawan keke. In an gama, ƙa'ida ita ce a mayar Landan ko a lalata. Ba kowa ya bi ƙa'idar ba, kuma da wannan Allah ya rufa asiri.

Da aka farga a ƙarshen shekarun 1970, masoyan shirin ne suka fi kowa tayar da hankali. Suka shiga rubuta wasiƙu zuwa gidajen talabijin na duniya, suna bin kasuwannin gwanjo da ɗakunan ajiya. An samo wasu a Hong Kong, wasu a Ostareliya, wasu ma a Najeriya tun a shekarun 1980. Duk da haka, zuwa 2013 kashi 106 ba a san inda suke ba. Sai wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya shiga ɗakin ajiya na wani gidan talabijin a Jos. Ya share ƙura daga kan takardar da aka manna a jikin wasu gwangwanaye, sai ga sunan shirin. Kashi goma sha ɗaya ne, tara daga ciki babu su a ko'ina a duniya, dukansu na zamanin Troughton, daga labarai biyu na 1967 da 1968, The Enemy of the World da The Web of Fear. Aka sanar a watan Oktoban 2013, lissafin ɓatattu ya sauko zuwa 97. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Dattijon ya ce yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka nuna na biyun, a watan Fabrairun 1968. Labarin wasu dodanni ne masu gashi, ashe mutum-mutumi ne, da suka mamaye ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Ya ce daga bayan kujera ya kalle shi, ido ɗaya a waje, kuma sai da ya shekara yana tsoron sauka tashar jirgi. Sau ɗaya aka nuna, shi ke nan. Amma a wancan zamanin akwai yara da samari a gidaje daban-daban da ke jingina makirufo a jikin akwatin talabijin su naɗi sautin a rikoda, suna roƙon mutanen gida a yi shiru. Babu wanda ya sa su, babu wanda ya biya su. Albarkacinsu, duk kashin da hotonsa ya ɓata, muryarsa tana nan. Shi ma a shekarun 1980 wani da bai taɓa gani ba ya aiko masa da kaset ta gidan waya. Direban bas ne har ya yi ritaya, ya ce in ya tashi aiki sai ya sa kaset ɗin ya rufe ido. Ya haddace kowace kalma, kowane taku, kowace ƙarar ƙofa, fuskokin ne kawai suka narke masa.

Daren da aka saki na Jos a intanet, shi da matarsa suka zauna har tsakar dare suna jira. Shekara arba'in da biyar tsakanin kallon farko da na biyu. Ya ce yana faɗin maganganun kafin 'yan wasan su faɗa, matarsa tana dariya, can ta waiwayo ta ga hawaye ya wanke masa fuska. Ita ta saƙa masa mayafin nan, hunturu guda ta yi tana yi. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. Ya juya bakin mayafin ya nuna mini inda ta yi kuskuren ƙulli ɗaya, zaren ya karkace, ya ce ta so ta warware ta gyara ya hana ta.

Na yi masa ta'aziyya. Muka ɗan yi shiru, ruwa yana dukan gilashi.

Shi ya kawar da shirun. Ya ce kada in ɗauka bai san dodannin nan riga ce aka ɗinka aka sa wa mutum ba, ko bai ga bangon kwali yana girgiza in an rufe ƙofa da ƙarfi ba. Ya sani sarai. Na ce mu muna cewa so hana ganin laifi. Ya ce a'a, suna ganin laifin, har sun fi kowa iya lissafa shi, zama da shi dai suka zaɓa. Da BBC ta dakatar da shirin a 1989, shekara goma sha shida ba a yi sabon zango ba, in ban da fim guda a 1996. A tsawon wannan lokaci mujallar shirin, wadda aka fara bugawa tun 1979, ba ta daina fitowa ba. Masoya suka yi ta rubuta littattafai, suna shirya wasannin murya, suna taruwa duk shekara. A cikinsu aka sami waɗanda suka girma suka karɓi ragamar: Russell T Davies, ɗan Swansea da ke nan kusa, shi ya dawo da shirin a 2005, David Tennant da Peter Capaldi kuwa tun suna yara suke haukan shirin kafin kowannensu ya zama Dakta.

Sai ya ce in ba shi labarin Jos, don shi suna kawai ya sani da ɗigo a taswira. Ban san ina ɗauke da kewar gida haka ba sai da na buɗe baki. Na gaya masa gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, inda sanyin Disamba ke sa mutum ya nemi ruwan zafi kafin alwala. Na gaya masa duwatsun da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, da tafkunan da haƙar kuza ta bari, da dankalin Turawa da acca da kabeji, da yadda Hausawa da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarabawa suka cika kasuwa ɗaya. Na ce ni a ganina sanyin nan namu yana da hannu wajen tsare masa fim ɗinsa, don da a gari mai zafi da gumi aka ajiye shi, da wuya ya kai. Ya ce to a ƙara da sanyin Jos a cikin waɗanda yake yi wa godiya. Yaron ya tsoma baki ya ce ai wanda ya rubuta kashin da aka nuna a watan Mayun 2025, wanda labarinsa ya faru a shagon aski a Legas, Inua Ellams, shi ma a Jos aka haife shi. Dattijon ya bugi tebur ya ce wallahi haka ne. Yaron ya dube ni wani irin kallo. Bai taɓa taka Jos ba, garin da uwarsa ke ambata ne kawai in tana waya. Ranar ya ji sunan a bakin wani, da girmamawa.

Kafin mu rabu dattijon ya yi mini tambayoyi biyu. Ta farko, ya ce kashi na uku na labarin dodannin har yanzu ba a same shi ba, kuma a cikinsa ne wani hafsan soja mai suna Lethbridge-Stewart, wanda ya zama aminin Dakta shekara da shekaru, ya fara bayyana. In na koma gida na ji an ce ga wani tsohon gwangwanin fim a wani wuri, don Allah kada a yar. Ya faɗa da gaske, ni ma na amsa da gaske.

Ta biyu ita ta bi ni har gida. Ya ce, “Ku fa? Me kuka kalla kuna yara, kuma yana ina yanzu?” Na ce Samanja daga Kaduna, da Karkuzu namu na Jos. Na tuna yadda muke cika falon wani maƙwabcinmu mai talabijin, manya a kujera, mu a ƙasa, waɗanda ba su sami wuri ba suna leƙe ta taga. Dukansu biyu Allah ya yi musu rasuwa. Na taɓa neman wasanninsu a waya don in nuna wa 'ya'yana, abin da na samu guntaye ne masu dishi-dishi. A layinmu babu yaron da ya jingina rikoda a jikin akwati, ni ma ban yi ba, alhali akwai rikoda a ɗakin mahaifina. Dattijon bai ce komai ba, ya dai gyaɗa kai.

Abu ɗaya ya roƙa: hoton garin. Yaron ya karɓi adireshinsa na imel.

Na dawo gida a farkon Nuwamba. Da hunturu ya kankama, wata safiya bayan asuba na hau babur zuwa wajen duwatsun Shere, na jira gari ya waye. Hazo ya rufe ƙasa, kawunan duwatsun ne kawai suka fito, can ƙasa rufin kwanon gidaje yana ɗan ƙyalli. Yatsuna sun ƙage don sanyi, sai da na ɗauka sau huɗu kafin ɗaya ya fita. Na tura wa yaron, shi ya tura Cardiff.

Bayan kwana biyu ya kira ni ta wayar uwarsa. Ya ce Baba ya amsa, ya wanke hoton ya sa a firam, ya ajiye a kan kanta kusa da faifan labarin dodannin, kuma yana tambaya farin abin nan da ya rufe garin, hayaƙi ne ko gajimare. Na ce ka gaya masa hazo ne, iska ke kawo shi daga hamada duk shekara. Ya sa na maimaita kalmar sau biyu yana rubutawa. Sannan ya ce, “Kawu, Umma ta ce in na ci jarabawa za mu zo hutun Disamba mai zuwa. Za ka kai ni gidan talabijin ɗin?”

Na ce in Allah ya yarda, amma ya taho da rigar sanyi.